Injin Wanki da Waliyyin Mansura

Da sunan Wanda ya san abin da ƙirji ke ɓoyewa nake farawa. Ku da kuka saba jin labarin soyayya daga bakin 'yan mata, yau ku yi haƙuri ku ji shi daga bakin uban yarinya, domin a wannan labari ni ne katangar da ta tare hanya.

Shekara bakwai na yi ban kira yayana ba. Sau uku na canza salula, sau uku na sa aka kwafe mani lambarsa, ban taɓa danna ta ba. Sunana Sallau, fataucin hatsi nake yi a Dakoro, shekarata hamsin da takwas. Ina iya tura hannu cikin buhun gero idona a rufe in faɗi na bana ne ko na bara. 'Yan kasuwa suna kawo mani rigima in raba, kuma in na yanke ba a ɗaukaka ƙara. Na faɗi wannan ne don ku san ba ragon mutum ke maku magana ba.

Ga laifin, ba zan yi mashi kwalliya ba. Ku kun san a wajenmu uba ba ya ba da auren ɗiyarsa da bakinsa. Ƙanensa ko wansa ke tsayawa waliyyi, shi kuma uban ya koma gefe ya sunkuyar da kai kamar baƙo. Yaya Mahamadu yana Bader Goula, yana noma gonar mahaifinmu, kuma mu biyu kaɗai muka rage maza a ɗakinmu. Da aka sa ranar auren Ramla, ɗiyarsa ta fari, ni ne waliyyi, kowa ya sani. Ranar Alhamis ina Maraɗi. Da na so, da na taso da yamma. Ciniki ya yi mani daɗi, na ce zan yi asubanci, asuba ta yi na ce sai an gama lodi. Hantsin Juma'a jama'a sun cika ƙofar gida, an ajiye goro, liman ya tambayi waliyyin amarya. Sai na kira, na ce a ɗaga muryar salula in ba da auren daga inda nake.

Wani dattijo daga dangin ango ya ce su ba su yi tafiyar yini ba don su karɓi aure daga bakin salula.

Yaya ya miƙe ya ba da auren da kansa. Mutumin da tun haihuwar Ramla bai taɓa kiran sunanta ba saboda kunyar ɗan fari, ranar ya faɗe shi sau uku a gaban taro. Bayan kwana biyu na isa da mota cike da kaya. Ya tarbe ni, ya sa aka kawo mani fura, ya tambayi mutanen gida. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Tun daga ranar sai a wajen gaisuwar mutuwa muke haɗuwa, mu yi musabaha da 'yan yatsu, kowa ya nemi tabarmarsa.

Yanzu ga Mansura, autata. Sunan mahaifiyarmu Amatullahi aka sa mata, shi ya sa ake sakaya shi, ni kuma nake ce mata Uwata. Da ta gama makarantar lise ta ƙi zaman banza. Ina da injin wanki mai feshin ruwa da ƙarfi, wanda na sayo a Maraɗi shekara biyu da suka wuce don tsohuwar motata. Ta karɓe shi, ta sa aka yi mata daɓen siminti a gefen tsakar gida, ta kafa tano, wato manyan gangunan ruwa, biyu shuɗɗa da take cikawa da safe kafin ruwan famfo ya rage ƙarfi, ta fara wanke ma matan unguwa kafet da darduma da labule. Tana ɗaukar hoton kafet da dauɗarsa, ta ɗauke shi bayan wanki, ta jera su a watsap. Kafin shekara ta zagayo har daga wasu unguwanni ake kawo mata a bayan moto, wato babur.

Mai nemanta Jafaru ne, mai gyaran injinan ruwa na foraj, wato rijiyoyin burtsatse. Wata goma sha huɗu da suka wuce baffanninsa suka zo zaurena, suka gaishe ni, suka yi tambayar da kowa ke yi: wa za su je wurinsa? Amsar kalma biyu ce, Yaya Mahamadu. Babu wani sunan da zan faɗa ba tare da na yanke zumuncin da ya rage ba, balle ga yarinyar da ke ɗauke da sunan uwarmu. Kuma ba zan iya tura su wurinsa ba alhali ni ban je ba. Sai na ce zan sanar da su.

A nan na yi abin da ya fi laifin farko muni. Matata Dela ta tambaye ni dalilin jinkiri, na ce yaron ba shi da tsayayyen aiki. Bayan wata uku ya samu. Na ce an ce mani yana yawan zaman shan shayi a fada da samari. Ya daina zuwa. Na ce ina zai ajiye ta, a ɗakin haya? Ya buga bulo da hannunsa, ya gina ɗaki da rumfa a filin ubansa. Baffannin suka dawo karo na biyu, na ba su ruwa da kyakkyawar magana, suka tafi hannu wofi.

Ranar Lahadin nan babban baffansa ya aiko mani da saƙon murya. Na saurare shi a cikin mota, gilashi a rufe. Ya ce an ba Jafaru kula da injinan ruwa a yankin Azagor, zai tashi bayan Layya, kuma suna son ya tafi da sanin matsayinsa. Za su zo ranar Juma'a bayan masallaci. In aka ba su suna, alhamdu lillahi. In ba a ba su ba, za su fahimta, ba za su yi fushi ba, kuma ba za su sake damuna ba. Dattijon ya iya magana. Ko zagina ya yi da ya fi mani sauƙi.

Washegari inji ya lalace.

Ba mutuwa ya yi ba. In an kunna, yana kuka kamar kullum, ruwa ya fito da ƙarfinsa na ɗan lokaci, sai ya fara shessheƙa, tiyo yana zillo a ƙasa, daga nan ya koma zuba kamar na bakin buta. Kafet goma sha ɗaya ne a jibge a rumfa, duk na Salla, kowace mai kafet ta ɗora ma Mansura ranar karɓa. Ina kasuwa saƙonta ya shigo: "Baba ina wuni. Inji ba ƙarfi. In kira Jafaru ya duba?" Ta sa ɗan hoton hannaye biyu masu roƙo. Na rubuta mata: "A'a. Zan duba da kaina."

Kuma na duba, kada ku ɗauka wasa na yi. Na tuɓe babbar riga na rataye a itacen bedi, na naɗe hannun 'yar ciki. Tunanina tsaf yake: inda ruwa ke fita da rauni, can cutar take. Na kwance bakin bindigar feshin, na ɗaga shi ga rana, na tsokace ramin da allurar Dela, na hura, na mayar. Ya yi ƙarfi na ƙiftawar ido ya koma. Na bi dogon tiyo taki-taki ina neman huda ko lanƙwasa, na sami wani wuri da ya ɗan kumbura, na yanke hukunci a kansa. Talata da safe na sayo sabon tiyo da sabon baki. Babu canji. Na ce to kuran ne, wutar lantarki, ke rauni da rana, na jira la'asar, na cire firji da fanka, na kunna. Shessheƙar nan dai. Na daɗe ina matsa bindiga ina jiran ya gaji ya miƙe, har gefen injin ya yi zafin da ba a iya taɓawa.

Dela tana zaune bakin madafa tana tsince shinkafa, ɗankwalinta ya zame gefe, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, an sayi baki, an sayi tiyo. Saura a sayo sabon makaniki."

Na ce mata ta kula da tsakuwar shinkafarta.

Mansura kuwa ta koma ga aikinta. Ta ɗaura zani a kan doguwar riga, ta durƙusa da buroshi da bokiti tana goge kafet ɗaya da hannu, wanda inji ke gamawa kafin a dafa shayi. Salularta tana kan taga tana ƙara, masu kafet ne. Kwana biyu ke nan ba ta yi mani maganar Juma'a ba, ko da yake na san ta sani. Tana kawo mani abinci, ta durƙusa, ta ce a ci lafiya. Na fi son ɗiya mai kuka da wadda ta yi irin wannan shirun, domin shirun Yaya ne sak.

Laraba da hantsi na ce ma Dela ta ce ma yarinyar ta kira shi. Gyara kawai.

Ya zo cikin shuɗin kayan aiki masu tabon mai, amma ya ɗora hula sabuwa a kansa, haɗin da ya sa Dela ta juya baya tana danne dariya. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya tako daɓen da ke jiƙe da ƙafa, ya durƙusa nesa da ni ya gaishe ni, idonsa a ƙasa. Mansura ta sa hijabi ruwan toka ta tsaya a ƙofar madafa, rabin jikinta a ciki. Ko sau ɗaya bai dubi wajen ba. Na lura, domin abin da na tsaya lura da shi ke nan.

Bai taɓa bindigar ba. Tambayoyi ya fara yi mani kamar likita: yana farawa da ƙarfi sannan ya faɗi, ko tun farko ba ƙarfi? Yana fizga? Daga famfo yake sha ko daga tano? Na amsa a taƙaice, na kuma lissafa mashi abin da na riga na yi, don ya san ba a kwance na yini ba. Ya ce duk daidai ne. Sannan ya wuce bayan injin, wurin da ban ko leƙa ba, ya cire ɗan gajeren tiyon da ke kawo ruwa daga tano, ya saukar da bakinsa cikin bokiti. Ruwa ya riƙa zuwa a hankali, da launin ƙasa. Ya leƙa cikin tano, ya tura hannu har kafaɗa, ya ɗebo laka mai laushi a tafinsa. Ya ce bakin tiyon yana kwance a gindin tano, kuma duk yashin da ruwan famfo ke kawowa can yake taruwa.

Daga nan ya murɗe wata baƙar roba a mashigar ruwa, ya sa ɗan ƙarfe ya zaro wata 'yar rariya da ba ta fi kan babban yatsa ba. Ba a ganin ramukanta. Yashi ne da gansakuka da zaren kafet sun daskare kamar ƙanzo.

Na gane ta nan take. Ranar da na sayi injin, mai butik ɗin da ya sayar mani ya zaro ta ya nuna mani, ya ce a wanke ta duk mako. Na ce to. Na ce zan nuna ma Mansura. Shekara biyu.

Jafaru ya yi bayani yana kallon hannunsa, ba ni ba. Ya ce injin ba ya ƙirƙirar ruwa, abin da ya samu yake turawa. In mashiga ta toshe sai ya riƙa jan iska, shi ne shessheƙar, kuma in aka daɗe ana tilasta mashi a haka robobin cikinsa ƙonewa suke yi. Na tuna zafin jiya. Ya roƙi tsohon buroshin haƙori, ya wanke rariyar har haske ya ratsa ta. Ya sami wani siririn zoben roba a mahaɗar tiyo ya tsage, ya fito da kwalin ashana daga aljihu cike da irinsu, ya zaɓi daidai. Ya kife tano aka ɗauraye. Ya ɗaure bakin tiyon a jikin wata gorar roba da babu komai ciki, don ta yi iyo ta riƙe shi taki ɗaya sama da gindi. Kafin ya sa wuta, ya matsa bindiga ya bar ruwa ya bi ta cikin injin da kansa, yana tofar da iska, har ya zama zare ɗaya mara yankewa. Sannan ya miƙo mani bindigar da hannu biyu, ya kunna.

Sai da ta ture mani kafaɗa. Ruwan ya zana farin layi a kan daɓe, ya kori dauɗar shekara daga tsagar siminti.

Dela ta tambayi abin da ya samu injin, da muryar wadda ta riga ta shirya dariya. Jafaru ya ce mata ƙaramin abu ne, kuma Baba ya riga ya gama babban aikin, tunda ya tabbatar baki da tiyo da kuran lafiya suke, shi ragowar kawai ya duba. Ƙarya ce mai ladabi. Ni da na shekara ina ƙaga mashi aibi, shi ya rufa mani asiri a gaban iyalina da rariyar a hannunsa.

Na san wasunku sun riga sun ɗauko darasi daga rariya suna jira in faɗe shi. Ku ajiye. Inji bai taɓa koya mani komai ba. Abin da ya kayar da ni a zaure ya faru.

Na raka shi, abin da ban taɓa yi ba. Ya durƙusa zai sa takalmi, sai ya tsaya a durƙushen. Ya ce ya san gyara aka kira shi, kuma ya san bai dace ya yi wannan magana da bakinsa ba, in yafe mashi. Sannan ya ce:

"Baba, na duba kaina iyakar dubawata. Aiki, na samu. Fada, na bari. Ɗaki, na gina. In akwai abin da aka gani gare ni wanda ni ban gani ba, a faɗa mani ko ta bakin wani ne. In mai gyaruwa ne in gyara. In ba mai gyaruwa ba ne, in sani kafin in tafi."

Na dube shi daga sama. Hular nan sabuwa, gumi ya riga ya jiƙa bakinta. Wata goma sha huɗu yaron nan yana kwance kansa gaɓa-gaɓa yana neman inda ya lalace, ɗiyata tana taya shi nema, alhali ni na san babu komai a can. Na yi ma Yaya laifi sau ɗaya, cikin gaggawa. Wannan kuwa na yi shi a natse, sau uku, da tunani.

Na ce, "Babu aibi gare ka, Jafaru. Ba a taɓa samu ba. Ka ce ma iyayenka su zo Juma'a, za a ba su suna."

Bai ɗago ba. Ya yi godiya, ya sa takalmi ɗaya, ya riƙe ɗaya a hannu har sai da ya kai bakin moto ya tuna.

Na yi alkawari da abin da ba ya hannuna. Na koma ciki. Mansura ta riga ta shimfiɗa kafet ja a daɓe tana warware tiyo, ta dube ni sau ɗaya ta kawar da kai. Na wuce gindin bedi, na zaro salula daga aljihun babbar riga. Ban nemi lambar ba, na san inda take. Rana tana tsaka, na san a wannan lokaci ya dawo daga sharar gona yana rumfa. Na danna.

Ta yi ƙara sau huɗu. Na ji kukan akuya, na ji tarinsa, tarin mahaifinmu.

"Sallau? Wa ya rasu?"

Abin da kirana ya zama ke nan a kunnen ɗan'uwana. Na ce babu wanda ya rasu, kowa lafiya. Na ce, "Yaya, maganar ranar auren Ramla ce. Na yi maka laifi, na kunyata ka a gaban mutane, kuma ban taɓa cewa ka yafe mani ba. Yau nake cewa."

Ban ambaci Mansura ba. Allah ya sani ta zo har bakin harshena, na mayar da ita, don kada ya ce buƙata ce ta koya mani ladabi, ko da yake in ya faɗi haka bai yi ƙarya ba.

Na duba fuskar salula ko ta yanke. Sannan ya yi magana a hankali, babu fushi a ciki, babu kuma sassauci.

"Wancan karon ma a salula ka yi ta, Sallau."

Ya kashe.

Na zauna da salular a hannu. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya dai nuna mani inda maganar take, kuma hanyar Bader Goula ban manta ta ba. Yau Laraba. Gobe kaɗai gare ni.

Na miƙe na koma wurin daɓen. Mansura ta ɗaga bindiga za ta fara kafet ɗin. Na ce, "Uwata, dakata. Ba ni nan tukuna."

Ta tambaya ko wani abu ya sake lalacewa.

Na ce a'a, mota zan wanke, da asuba zan tafi wurin Babanki Mahamadu. Ta tsaya da bindigar a hannu, ruwa na ɗiga a kan ƙafarta. Dela ta bar abin da take yi a madafa. Mansura ta miƙo mani, ta je da kanta ta buɗe ƙyauren gareji, ta ja tiyo har gindin taya.

Na fara daga gilashin gaba.